Boughéra El Ouafi: leburan Renault da ya ciyo wa Faransa zinariya a gudun maraton, ya mutu cikin talauci

Idan aka tambayi masu bin wasanni wane ne ɗan Afirka na farko da ya lashe gudun maraton a wasannin Olamfik, yawancinsu za su ambaci Abebe Bikila na Habasha, wanda ya yi gudu ba takalmi a birnin Roma a 1960. Bikila ya cancanci sunan da ya yi. Sai dai shekara 32 kafin shi, wani lebura haifaffen bakin hamadar Aljeriya ya riga kowa shiga filin wasa na Amsterdam, bayan ya cinye kilomita 42 da mita 195 cikin awa 2 da minti 32 da sakan 57. Sunansa Ahmed Boughéra El Ouafi. Da rigar Faransa ya yi gudun, kuma har gobe a lissafin Faransa lambar take. Kafin shi, Ken McArthur ya ci wannan gudu da sunan Afirka ta Kudu a 1912, amma shi Bature ne haifaffen Ailan.

El Ouafi ɗan wasan sha'awa ne, irin wanda ke tashi daga wurin aiki ya je ya yi atisaye ba tare da ana biyansa ko dala ba. A haka ya kai ƙololuwar wannan wasa. Da ya karɓi kuɗi a kan ƙafafunsa na ƴan watanni, sai hukumar wasanni ta rufe masa ƙofa har abada. Ya rayu shekara 31 bayan nasararsa, mafi yawansu cikin rashi, kuma harsashi ne ya kashe shi.

Daga garin tumaki zuwa bariki

An haife shi ranar 15 ga Oktoban 1898 a Ouled Djellal, wani gari mai dabino da ke kudu maso yammacin Biskra, inda tsaunukan arewacin Aljeriya ke ƙarewa Sahara ta fara. Garin ya yi suna da wani irin manyan fararen tumaki da ake kira da sunansa. A lokacin Faransa ta kusa shekara 70 tana riƙe da Aljeriya. Musulmin ƙasar, in ban da ƴan kaɗan, talakawan Faransa ne a idon doka, ba su da matsayin cikakkun ƴan ƙasa. Suna ƙarƙashin dokar indigénat, wadda ta ba jami'in mulki damar ya ci mutum tara ko ya kulle shi ba tare da an je gaban alƙali ba. Kakannin mutanen Maraɗi, Damagaram da Tawa sun san wannan doka, domin ita ce aka shimfiɗa a Nijar har zuwa 1946.

Tun daga 1912 Faransa ta fara ɗaukar samarin Musulmin Aljeriya aikin soja na tilas, kuma fiye da 170,000 daga cikinsu sun sa kaki a Yaƙin Duniya na Ɗaya. El Ouafi ya shiga soja wajen ƙarshen yaƙin, cikin rundunonin ƴan mulkin mallaka da ake kira tirailleurs, irin waɗanda mazan jiya na Afirka ta Yamma su ma suka yi aiki a cikinsu. Bayan an tsagaita wuta rundunarsa na cikin waɗanda aka tura zama a yankin Jamus da Faransa ta mamaye.

A bariki ne wani hafsa ya lura da cewa wannan siririn soja ba ya gajiya da gudu. A 1923 aka tura shi gasar sojoji a Faransa, ya nuna abin da ya iya, hanyar shiga tawagar ƙasa ta buɗe masa. Yana da shekara 25 ya sami gurbi cikin waɗanda za su yi wa Faransa gudun maraton a wasannin Olamfik na Paris.

Paris 1924: na bakwai cikin zafi

Ga wanda bai saba da wannan gudu ba, tsawonsa ya fi a tashi daga Damagaram a je Mirriya a dawo. A kan da'irar gudu ta mita 400, irin ta filin Seyni Kountché na Yamai, zagaye 105 ne da kusan rabi. An fara amfani da wannan tsawo a London a 1908, sannan aka tsayar da shi a matsayin ƙa'ida a 1921.

Ranar 13 ga Yulin 1924 aka yi gudun Paris, daga filin wasa na Colombes zuwa wajen Pontoise a dawo. Garin na fama da tsananin zafi. Kwana ɗaya kafin nan, a tseren ƙetare daji, mutum 38 suka tashi amma 15 kaɗai suka kai ƙarshe, wasu sun faɗi a hanya an kwashe su. Saboda haka aka jinkirta maraton zuwa la'asar sakaliya. Duk da haka, cikin mutum 58 da suka fara, 30 ne suka gama.

Albin Stenroos na Finlan ya zo na ɗaya da awa 2 da minti 41 da sakan 22. El Ouafi ya zo na bakwai da awa 2 da minti 54 da sakan 19, kuma shi ne kan gaba cikin ƴan tawagar Faransa. Tsakaninsa da na ɗaya kusan minti 13, wato fiye da kilomita uku na hanya. Babu lamba, babu kuɗi, kuma da wa'adin sojansa ya cika dole ya nemi abin da zai ci.

Minti 21 cikin shekara huɗu

Ya sami aiki a masana'antar motoci ta Renault da ke Boulogne-Billancourt, a gefen Paris, inda dubban ma'aikata ke aiki, da yawansu baƙi daga Arewacin Afirka. Aikinsa tsayuwa ne a gaban injin da ke sassaƙa ƙananan ƙarafa irin su kusoshi da noti. Dokar 1919 ta ƙayyade aiki awa takwas a yini, awa 48 a mako, wato kwana shida. Hutun shekara mai albashi kuwa bai zo wa ma'aikatan Faransa ba sai 1936. Duk atisayen da El Ouafi zai yi, sai dai ya yanko lokacinsa daga abin da ya rage bayan an tashi daga aiki, ko daga ranar Lahadi. Ya shiga kulob ɗin wasanni na Billancourt, inda Louis Corlet ya riƙa horar da shi.

Masu gudun dogon zango na yau, tun daga ƙwararru har zuwa ma'aikacin da ke fita bayan sallar asuba ya zaga gari kafin ya tafi ofis, suna da abokin hamayya guda da bai taɓa barinsu: lokacin da su da kansu suka yi a baya. Kowa na neman ya rage ko da sakan kaɗan ne daga mafi kyawun lokacinsa. Da wannan ma'auni za a fi gane abin da El Ouafi ya yi tsakanin 1924 da 1928. A Paris kowace kilomita ta ci masa kimanin minti 4 da sakan 8. A Amsterdam ta koma minti 3 da sakan 37. Rabin minti ke nan a kowace kilomita, sau 42 a jere, jimilla minti 21 da sakan 22. Gaskiya ne hanyar Amsterdam shimfiɗaɗɗiya ce, kuma babu irin zafin Paris, saboda haka wani ɓangare na ragin daga yanayi ya fito. Amma sauran manyan ƴan gudun duniya su ma a wannan hanya suka bi, kuma duk ya bar su a baya.

Irin wannan ci gaba ba ya samuwa a wata ɗaya ko biyu. Zuciya da huhu da jijiyoyin ƙafa suna sabawa ne sannu a hankali, da gudu mai yawa mako bayan mako, galibinsa ba da sauri ba. Akwai kuma wani abu da ke raba maraton da sauran tsere. Jikin mutum na ajiye wani nau'in sukari a tsoka da hanta, wanda shi ne man da ya fi saurin ƙonewa, kuma ga mai gudu da ƙarfi wannan ajiya kan kusa ƙarewa tsakanin kilomita 30 da 35. Daga nan jiki ya fi dogara ga kitse, wanda ba ya ba da ƙarfi da sauri. Ƙafa ta yi nauyi, kai ya ɗau jiri, wanda ke tafe kamar barewa ya koma jan ƙafa. Masu gudu a Faransa na kiran wannan wuri bango. Wanda ya kwasa da wuta tun farko shi ke fara karo da shi. Atisaye mai tsawo na koya wa jiki ya yi tattalin ajiyar, amma rabin aikin na cikin kai ne: mutum ya ga ana wuce shi a kilomita ta 10, ya danne zuciyarsa ya riƙe takunsa.

A zamanin El Ouafi babu agogon hannu mai faɗa wa mutum saurinsa, babu takalma masu laushin ƙasa irin na yanzu, kuma masu horarwa da yawa na ganin shan ruwa cikin gudu illa ne. Mai gudu da numfashinsa yake auna kansa.

Amsterdam, 5 ga Agustan 1928

Wasannin Amsterdam su ne na farko da aka kunna wutar Olamfik a filin wasa, kuma na farko da mata suka shiga guje-guje da tsalle-tsalle. Ranar Lahadi 5 ga Agusta mutum 69 daga ƙasashe 23 suka jeru don maraton. Hanyar ta fita daga filin wasa ta bi gaɓar kogin Amstel, ta juya ta dawo. Waɗanda ake sa wa ido su ne ƴan Finlan, da Amurkawa irin su Joie Ray da Clarence DeMar, da ƴan Japan. El Ouafi na sanye da lamba 71, yana da shekara 29, kuma ba ya cikin waɗanda ake zance.

Rabin farko na gudun bai fito gaba ba. Ya bar wasu suna ta karɓe-karɓen jagoranci a tsakaninsu, shi yana biye a baya da takunsa. A hanyar dawowa Kanematsu Yamada na Japan da Joie Ray ne ke kan gaba, har ana ganin a tsakaninsu za a raba. Sai bango ya fara aikinsa. El Ouafi ya riƙa tsince su ɗaya bayan ɗaya, kuma saura kimanin kilomita biyar ya wuce na gaba. Mutum ɗaya ne kawai ya iya bin sawunsa, Manuel Plaza na ƙasar Chili, wanda shi ma daga baya ya taso.

El Ouafi ya shiga filin shi kaɗai ya tsallake layi. Plaza ya biyo bayan sakan 26. Martti Marttelin na Finlan ya zo na uku da awa 2 da minti 35 da sakan 2, Yamada na huɗu, Ray na biyar. Hausawa kan ce sannu ba ta hana zuwa, kuma a wannan rana ita ce ta kai shi kafin kowa.

Wannan ita ce zinariya ɗaya tilo da Faransa ta samu a guje-guje da tsalle-tsalle a waɗannan wasanni. Wanda ƙasar ta ɗora wa buri, Jules Ladoumègue, azurfa ya samu a mita 1,500.

Yana da kyau a dubi sana'ar waɗanda suka yi wannan gudu. Na ɗaya leburan masana'anta ne. Na biyu mai sayar da jarida ne a titunan Santiago, kuma lambarsa ita ce ta farko da Chili ta taɓa samu a Olamfik, aka tarbe shi a gida tarbar gwarzo. Joie Ray ya yi tuƙin tasi a Chicago. DeMar ma'aikacin maɗaba'a ne. Maraton wasan masu aikin ƙarfi ne, amma dokar da ke mulkinsa ba su suka rubuta ta ba.

Dokar da masu hali suka rubuta

Ƙa'idar wasan sha'awa a Ingila ta samo asali, a ƙarni na 19, cikin ƴaƴan masu dukiya da suka yi manyan makarantu. A wurinsu wasa abin nishaɗi ne, kuma wanda ya karɓi kuɗi a kansa ya ɓata shi. Wasu ƙungiyoyinsu na farko ma sun rubuta ƙarara cewa makaniki da mai sana'ar hannu da lebura ba sa shiga gasarsu. An cire wannan sharaɗi daga guje-guje a 1880, amma haramcin kuɗi ya zauna, kuma da Pierre de Coubertin ya farfaɗo da wasannin Olamfik a 1896 a kan wannan tushe aka gina su.

Ga mai gadon dukiya, dokar ba ta rage komai ba. Ga lebura kuwa, duk ranar da ya tafi gasa ranar ce da ba a rubuta masa a takardar albashi ba. Ko batun a biya ɗan wasa ladan kwanakin aikin da ya rasa ya jawo rigima mai zafi a shekarun 1920, har hukumomin ƙwallon ƙafa na Birtaniya suka fice daga FIFA a 1928 a kansa.

Dokar ta ci manyan mutane. An ƙwace wa Jim Thorpe na Amurka zinariyarsa biyu na 1912 saboda ya taɓa karɓar ƴan kuɗi kaɗan a wasan besbol. An hana Paavo Nurmi na Finlan shiga wasannin 1932. Shi kansa Ladoumègue an kore shi a 1932. Bambancin shi ne abin da ya biyo baya. Nurmi ya zama attajiri a harkar gine-gine, kuma shi ya shigo da wutar Olamfik filin Helsinki a 1952. Ladoumègue kuwa a 1935 jama'ar Paris suka cika titin Champs-Élysées suna yi masa tafi yana gudu a tsakiyarsu. El Ouafi ba shi da mai tsaya masa irin haka.

Amurka, da ƙofar da ta rufe

Lambar zinariya ba ta zo da ko sisi ba. Mutumin da ya ɗaga sunan Faransa a Amsterdam abin da ke jiransa shi ne injinsa na Billancourt. Ana haka dillalan wasanni na Amurka suka zo masa da tayi: ya je ya yi tsere a gaban ƴan kallo masu sayen tikiti, a biya shi. Ya amsa.

A watan Oktoban 1928 ya kara da Joie Ray, wanda shi ma ya koma gudun kuɗi, a zauren Madison Square Garden na New York. Tsawon maraton suka yi a kan ƴar ƙaramar da'ira a cikin gini, suna ta zagaye ɗaruruwa, kuma El Ouafi ya sake cinye shi. Ya yi wasu watanni yana irin waɗannan wasanni na nuni kafin ya koma Faransa.

Da ya dawo, hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta Faransa ta soke sunansa daga cikin ƴan wasan sha'awa. A wancan zamani babu wata gasar maraton ta ƙwararru mai ɗorewa da zai koma. Korar na nufin ba zai ƙara shiga gasar ƙasa ba, ba zai je Los Angeles a 1932 ya kare kambunsa ba, kuma ba zai sake samun damar gwada ko zai iya sauka ƙasa da awa 2 da minti 32 ba. Yana da shekara 30, shekarun da mai gudun maraton ke kan ganiyarsa. Stenroos yana da 35 ya ci nasa a Paris.

Da kuɗin Amurka ya haɗa hannu da wani suka sayi gidan shan kofi kusa da tashar jirgin ƙasa ta Austerlitz a Paris. Abokin cinikin ya cuce shi, jarin ya nutse. El Ouafi ya koma aikin leburanci, jaridu suka daina ambatonsa, daga baya ya ƙare a Saint-Denis, unguwar ma'aikata da baƙi a arewacin Paris, ba lafiya ba abin hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: lambar na nan a jadawalin Faransa, mai ita kuwa ko masu harkar wasanni ba su san inda yake kwana ba.

Mimoun ya tuno da shi

Shekara 28 aka yi a haka. Ranar 1 ga Disamban 1956, a Melbourne ta Ostareliya, wani haifaffen Aljeriya ya sake ciyo wa Faransa maraton na Olamfik. Shi ne Alain Mimoun, wanda aka haifa a yankin Telagh a 1921. Shi ma tsohon soja ne, an ji masa mummunan rauni a ƙafa a yaƙin Monte Cassino na Italiya a 1944, har an yi tunanin yanke ta. Bayan yaƙi ya yi aikin kai wa mutane abin sha a kulob ɗinsa na Paris, yana atisaye a gefe. Sau uku yana zuwa na biyu a bayan Emil Zatopek a wasannin 1948 da 1952. A Melbourne, a maraton ɗinsa na farko, ya yi awa 2 da minti 25 daidai, Zatopek ya zo na shida.

Nasarar Mimoun ta sa aka waiwayi tarihi. Faransa ta ci wannan gudu a 1900, ta ci a 1928, ga kuma 1956, kowanne da tazarar shekara 28. Sai aka fara tambayar ina na 1928 yake. Ƴan jarida suka gano shi cikin talauci, jaridar wasanni ta L'Équipe ta buɗe asusun taimako masu karatu suka yi masa karo-karo, Mimoun kuma ya sa aka gayyace shi liyafar da shugaban ƙasa René Coty ya shirya a fadar Élysée. Dattijon da ya tsufa kafin lokacinsa ya tsaya kusa da sabon gwarzo aka ɗauki hoto.

Lokacin kuwa yaƙin neman ƴancin Aljeriya ya shiga shekara ta uku, tun da ya ɓarke ranar 1 ga Nuwamban 1954. Hoton ƴan Aljeriya biyu da suka ɗaukaka tutar Faransa abu ne da ya yi wa hukuma daɗi a irin wannan lokaci. Da aka watse daga biki, El Ouafi ya koma Saint-Denis, rayuwarsa ba ta sauya sosai ba.

Mutuwa a Saint-Denis

Yaƙin bai tsaya a Aljeriya ba, ya ƙetaro har unguwannin ma'aikata na Faransa. Ƙungiyoyin ƴan kishin ƙasa biyu, FLN da MNA, suna gaba da juna a kan wa zai jagoranci baƙin ma'aikata kuma wa zai karɓi gudummawarsu ta wata-wata. Dubban mutane suka mutu a wannan rikici, da yawa a gidajen shan kofi da ƙananan masaukai, ga kuma ƴan sanda na kame ba dare ba rana.

Ranar 18 ga Oktoban 1959, kwana uku bayan ya cika shekara 61, aka harbe El Ouafi a Saint-Denis. Riwaya biyu ce ke yawo har yau. Ɗaya ta ɗora kisan a kan ƴan FLN, ɗayar kuma ta ce rigimar dangi ce ta rutsa da shi. Kwamitin Olamfik na Faransa ya biya kuɗin jana'iza, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Bobigny, wadda aka buɗe a 1937.

Bai kai ga ganin abin da ya biyo baya ba. Wata goma sha ɗaya bayan rasuwarsa, ranar 10 ga Satumban 1960, Abebe Bikila ya ci maraton na Roma da awa 2 da minti 15 da sakan 16, Rhadi Ben Abdesselam na Maroko na biye da shi, kowannensu da tutar ƙasarsa. Aljeriya ta sami ƴanci a 1962, kuma ta jira har 1992 kafin Hassiba Boulmerka ta kawo mata zinariyarta ta farko a Barcelona. El Ouafi ya faɗa tsakanin ƙasashe biyu: Faransa ta riƙe lambar ba ta riƙe mutumin ba, ita kuma sabuwar Aljeriya ba ta yi gaggawar rungumar wanda ya yi nasara da rigar mai mulkin mallaka ba.

Abin da ya sauya bayansa

Dokar da ta kashe masa sana'a ta mutu a hankali. A shekarun 1980 hukumar guje-guje ta duniya ta yarda ƴan wasa su riƙa samun kuɗi, kwamitin Olamfik kuma ya buɗe ƙofa ga ƙwararru. An mayar wa iyalan Jim Thorpe lambobinsa a 1983, shekara 30 bayan mutuwarsa. Da Mimoun ya rasu a 2013, Faransa ta yi masa karramawar ƙasa a Invalides, shugaba François Hollande na tsaye.

A 2024 wasannin Olamfik suka koma Paris, shekara 100 cif bayan gudun El Ouafi na farko. Tamirat Tola na Habasha ya ci maraton da awa 2 da minti 6 da sakan 26. A karon farko a tarihi, hukumar guje-guje ta duniya ta ba duk wanda ya ci zinariya dalar Amurka 50,000, daga hannun hukumar da a da take korar mutum saboda ya karɓi kuɗi. A daren ranar kuma aka buɗe wannan hanya ga dubban masu gudun sha'awa, malamai da direbobi da ma'aikatan asibiti, kowa na bin agogonsa. Lokacin da El Ouafi ya yi a 1928, da takalman zamaninsa da makon aiki na kwana shida, har yanzu sai ɗan sha'awa mai ƙwazo ƙwarai ke kai shi.

Mafi yawan sauran gasannin guje-guje na 2024 an yi su ne a Stade de France, a cikin Saint-Denis, garin da ya ƙare rayuwarsa. Ɗaya daga cikin titunan da ke gefen filin na ɗauke da sunan Ahmed Boughéra El Ouafi, akwai kuma zauren wasanni mai sunansa a La Courneuve da ke maƙwabtaka. Kabarinsa na Bobigny, ƴan kilomita kaɗan daga nan.